BAƘO A GINDIN DUTSE: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Ikara Da Makarfi Da Kudan

 

An umurce ni in yi muku magana a kan baƙi masu zuwa ganin gari. Ina nufin mutumin da ba fatauci ya kawo shi ba, ba biki ba, ba ƙara ba, sai dai ya ji labarin wuri ya taso don ya gani da idonsa, ya ci abincin wurin, ya sayi ɗan abin tsaraba, ya koma gida ya ba da labari. Irin waɗannan mutane akwai su. Akwai ɗaliban jami'a da malamansu daga Samaru, akwai ma'aikata daga Kaduna da Abuja masu neman inda za su kai iyalinsu ran hutu, akwai kuma 'ya'yanku da jikokinku da aka haifa a birane, sun san sunan garin kakanninsu amma ba su san hanyarsa ba. Na sani ni yaro ne a gabanku, ƙasar nan kuwa ku ke riƙe da ita, kun fi ni saninta nesa ba kusa ba. Roƙona kaɗai shi ne ku ara mini ɗan lokaci mu dube ta da idon wanda bai taɓa zuwa ba, gama abin da mai gida ya saba gani har ya daina lura da shi, sau da yawa shi ne ke tsai da baƙo.

Babbar hanyar mota ta Zariya zuwa Kano ta ratsa ƙasar nan, motoci na bin ta dare da rana. Amma ku tare fasinja ku tambaye shi abin da ya sani game da Makarfi ko Ikara ko Kudan. Zai ce ya taɓa sayen rake ta taga a Tashar Yari, shi ke nan. Mai bin labarai ya ƙara da cewa Makarfi ce garin Alhaji Ahmed Mohammed Makarfi, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007, kuma a can aka kafa kwalejin koyon aikin lafiya da aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Daga nan saninsa ya ƙare, kuɗinsa kuwa ya wuce a aljihunsa zuwa Kano ko Kaduna. Ba a ga laifinsa ba. Ba wanda ya gaya masa akwai abin gani mil kaɗan daga kwalta, kuma ko da ya ratse ya shigo, wa zai nuna masa? Birni kamar Kano, ko makaho ya shiga ya san ya shigo birni. Ƙaramin gari kuwa ba ya nuna kansa, sai an sami wanda ya san shi ya tsaya ya nuna. In babu, baƙo ya ga rumfunan kwano da masu faci a bakin tasha, ya juya. Wanda zai nuna ɗin nan, ko ya sa a nuna, ba wani ba ne illa hakimi da dagatansa da malaminsa.

Bari mu fara da dutse, tun da shi ido ke fara hangowa. Ƙasarmu ba ƙasar tsaunuka ba ce irin ta Jos ko Mambila, kada mu ruɗi baƙo da wannan. Fili ne shimfiɗaɗɗe, sai can mutum ya hangi dutse ya taso shi kaɗai, ko biyu ko uku a jere, baƙi sumul kamar an kife ƙwarya. Irinsu ne Kufena a yammacin Zariya, da dutsen Turunku, da waɗanda ke warwatse a ƙasar Ikara har zuwa Kargi da Dutsen Wai a ƙasar Kubau. Masana sun ce dutse ɗaya ne shimfiɗe a ƙarƙashin gonakinmu duka. Inda ya yi taushi, ruwa da rana suka cinye shi a hankali ya zama ƙasar noma. Inda ya yi tauri ya ƙi ciwuwa, shi ne ya rage a tsaye.

Baƙo mai hankali, in ya hau ya sauko, tambayar da zai yi ita ce, me ya sa mutanen da suka zauna a nan? Ya kamata wanda ya raka shi ya iya ba shi amsa. Ruwan sama in ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa ya ke yi ya taru a gindi, saboda haka ƙasar gindin dutse ta kan riƙe damshi bayan wadda ke nesa ta bushe. Ga ruwa ke nan. Sa'an nan mai tsaro a bisa dutse ya kan hangi ƙurar dawakin mahara tun suna nesa, a kaɗa ganga, a kai mata da yara da hatsi cikin kogo. Ga tsaro ke nan. Da zaman lafiya ya samu, mutane suka sauko suka bi fili da hanya, suka bar kufai. A irin wannan kufai ne a kan tarar da tsingaro, da ramukan niƙa da hannun mata ya ƙwaƙule a jikin dutse, da kashin maƙera inda aka narka tama, da gindin tsohuwar ganuwa, da kuka tsofaffi a jere inda da gidaje ne. Ga manomi duk wannan tarkace ne mai hana garma tafiya. Ga malamin tarihi kuwa shi ne littafin garin, domin mutanen da suka zauna can ba su bar mana wani rubutu ba.

To, ranku ya daɗe, a nan ne akwai abin tsoro. Littafin nan ana yage shi shafi shafi. Masu fasa dutse don tsakuwar gini ba su tambayar abin da ke jikinsa kafin su sa wuta. Masu yin tubali sun gano ƙasar ganuwa ta fi kowace daɗin aiki, tun da kakanni sun riga sun tara ta wuri guda. Akwai kuma masu yawo ƙauye ƙauye suna sayen tsofaffin tukwane da takubba da tambura a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Tun 1979 akwai dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje ba da izini ba. Amma doka tana Abuja, dutse yana ƙauye. Ba na cewa a hana talaka neman abinci. Dutse da yawa ne, a nuna masa wanda ba kome a jikinsa ya fasa. Abin da a ke bukata shi ne dagaci ya san wane ne ba a taɓawa, ya kuma san hakimi zai tambaye shi.

Daga dutse sai hanya, domin tarihin garuruwan nan rabinsa tarihin hanya ne. Likoro da Hunkuyi da Durum da Auchan da Paki tsofaffin garuruwa ne, sun girmi mota, sun girmi jirgin ƙasa. Hanyar fatake ta da, daga Zariya zuwa Kano, ta Likoro ta bi, ta je ta fita ta Bebeji. Ita ce Baturen nan Clapperton ya bi a 1826. A zamanin nan garin da ayari ke yada zango a cikinsa shi ne gari, mata su sayar da fura da tuwo, a sayar da harawa, maƙeri da baduku su sami aiki. A 1911 jirgin ƙasa ya isa Kano, aka yi tasha a Likoro da Gimi, ciniki ya koma bakin dogo, auduga da gyaɗa suka bi shi. Daga baya kwalta ta zo ta janye kasuwa zuwa nata bakin. Shi ya sa ku ke ganin gari guda ya rabu biyu, ga tsohon gari can ciki da masallacinsa da fadarsa, ga Tasha ko Sabon Gari a bakin hanya inda hayaniya ta ke. Baƙo kullum a na biyun ya ke sauka, abin da ya zo nema kuwa yana na farko.

Yanzu na zo ga abin da ni a ganina ya fi kome a ƙasar nan cancantar a nuna wa baƙo, watau rake da mazarƙwaila. Na san waɗansunku za su yi murmushi, su ce yaron nan ya rasa abin nunawa sai wurin dahuwar mazarƙwaila, da hayaƙi da ƙuda da ƙudan zuma. Ku yi mini haƙuri. Mutumin birni ya sha mazarƙwaila a kunu da fura tun yana yaro, amma bai taɓa ganin inda ta fito ba. Ku kai shi fadama da sassafe ya ga ana saran rake, ana feɗe ganye, ana lodi a amalanke ko a baro. Ku kai shi wurin injin matsa ya ga ana cusa sanda tsakanin ƙarafa masu juyawa, ruwa na zuba ta nan, tuka na fita ta can. Da doki ne ke juya injin, a ɗaura masa doguwar sanda ya yi ta kewayawa, yaro na biye da shi. Yanzu injin mai ya karɓe wannan aiki a wurare da yawa, saboda haka in akwai inda doki ke yi har yau a ƙasar waninku, to, yana da abin da ya fi ƙarfin kuɗi, ya lallaɓa mai shi. Daga nan a juye ruwan a babban kaskon ƙarfe a hura wuta. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne makamashin, domin tukar raken da aka matse jiya, aka shanya, ita ce itacen yau, rake ke dafa kansa. Ruwan rake ba ya jira, in ya kwana ya yi tsami, shi ya sa tilas injin da kasko su zauna kusa da gona. Mai dahuwa ya yi ta kwashe kumfa, yana juyawa, yana duban yadda ya ke kauri. Ba shi da agogo, ba shi da ma'aunin zafi, ido da hanci ne kaɗai. In ya sauke da wuri ba za ta daskare ba, in ya makara ta ƙone ta yi ɗaci. Sa'an nan a zuba a 'yan kwanoni a jere, ta huce, a kife, ga curi. Duk wanda ya tsaya ya ga wannan daga fari har ƙarshe ba zai tafi hannu sake ba, kuma ba zai yi ta ja-in-ja a kan kuɗi ba, tun da ya ga wahalar da idonsa.

Sana'ar nan tana da tarihi wanda ya kamata malaman hakimai su riƙe. Rake tsohon abu ne a ƙasar Hausa, amma matse shi da injin ƙarfe baƙo ne, kuma a ƙasarku ya fara sauka. Wajen 1914 mishan ɗin C.M.S. na Likita Miller a Zariya suka kafa wani ƙauye a Gimi. Wanda ya shugabance shi, Thompson, baƙar fata ne daga tsibiran Karebiyan, inda noman rake ya ke babbar sana'a, shi ya koya wa mutanen wurin matse rake da dafa ruwansa. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba, ciwon barci ya faɗa masa, waɗanda suka rage suka tashi. Amma sana'ar ta zauna, maƙwabta suka ɗauka, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, da sukarin waje ya yi wuya, sai ta bunƙasa a lardin Zazzau. Ciwon barcin nan kuwa, wanda ƙudan tsando ke kawowa daga kurmin bakin rafi, shi ne dalilin babban aikin da aka yi a Anchau daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa cikin na 1940, aka sare kurmin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Anchau tana Ƙaramar Hukumar Kubau yanzu, amma da a ƙarƙashin Ikara ta ke, gama Ƙaramar Hukumar Ikara da aka kafa a 1976 babba ce, daga baya aka yi ta yanka ta. Fadamar da yau yaro ke kwana a cikinta yana gadin injin ban ruwa, kakansa da tsoro ya ke shigarta.

Wanda ya ga inda a ke yi, sai ya ga inda a ke sayarwa. Kasuwar Makarfi ran Laraba ta ke ci. Ba sai na bayyana muku ita ba. Abin da zan ce shi ne baƙo ya iso da hantsi, ya fara ta wajen rake da hatsi tun manyan motoci ba su gama lodi ba, kuma a haɗa shi da wani daga wajen Sarkin Kasuwa. Baƙon da aka ga yana tafe da ɗan gari ba a tsawwala masa, ba a kuma yanke masa aljihu.

Sai tumatir, wanda labarinsa ya fi na rake ɗaci. Noman rani ya cika fadamun ƙasashen nan uku da tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ana cika kwanduna ana ɗora wa manyan motoci zuwa Ikko da sauran biranen Kudu. Ciwon tumatir shi ne duk gonaki tare su ke nuna, shi kuwa ba ya ajiyuwa. In ya yi yawa, kwando ya faɗi har manomi ya rasa kuɗin mota, sai a yanka a shanya a yi kauɗa. A nan ma dutse ya yi rana, domin wanda aka shanya a kan falalen dutse ya fi wanda aka baza a ƙasa ko a gefen kwalta tsabta, kuma jan tumatir a shimfiɗe bisa baƙin dutse abin kallo ne. Don maganin wannan asara ne Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara a 1981. Ya yi shekaru da yawa a rufe, sa'an nan aka sake buɗe shi a 2014 da haɗin gwiwar 'yan kasuwa. Wahalar irin wannan kamfani a ko'ina ɗaya ce. Ran da tumatir ya yi araha kowa na son ya kai masa, ran da ya yi tsada kowa ya bi motar Kudu, injin kuwa ba ya rayuwa da aikin wata biyu a shekara. A 2016 kuma ga tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta ƙetaro Turai, ta shigo Afirka. Uwar ƙaramin ƙwaro ce mai tashi da dare, 'ya'yan kuwa su shige cikin ganye da 'ya'yan tumatir su yi ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai musu sosai. Ɓarnar ta kai har a watan Mayu na shekarar nan Gwamnatin Jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. In baƙo ya nemi ganin kamfanin, malamin hakimi ya fara aikawa a tambayi masu shi ko ana aiki ran nan, kuma ko sun yarda a shiga. Kada kuma a ɓoye masa wannan labari don kunya. Ɗalibin aikin gona daga Samaru saboda shi ya zo.

A ƙasar Kudan, wadda ta sami ƙaramar hukumarta a 1996 da hedkwata a Hunkuyi, akwai wani sabon abu, watau gonakin inabi. Mutane da yawa a Nijeriya sun ɗauka inabi sai daga waje a ke kawo shi cikin kwali. In suka shiga ƙarƙashin rumfar da aka yi masa, suka ga nonnansa na reto bisa kansu, suka tsinka da hannunsu aka auna musu, labarin da za su kai gida ya fi duk wata sanarwa da ofishinmu zai buga. Sai dai gonar inabi dukiya ce mai yawa aka zuba, ba a shiga sai da mai ita.

Duk abin da na lissafa yana da lokacinsa, kuma wannan shi ne abin da baƙo ba zai sani ba sai an gaya masa. Wanda ya zo a watan Agusta zai tarar da hanyoyin ƙauye sun jiƙe, dutse na santsi, ba a dahuwar mazarƙwaila. Hawan dutse ya fi kyau da ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ƙasa na kore, ido na kai wa nesa. In hunturu ya kankama hazo ya kan rufe kome, mutum ya sha wahalar hawa ya ga fari fat. Amma kuma hunturun nan da abin da ya biyo bayansa shi ne lokacin rake da tumatir da inabi. Saboda haka in an rubuto wa hakimi ana neman izinin zuwa, amsar kada ta tsaya ga "sai kun zo". A tambayi abin da su ke son gani, a faɗa musu watan da ya dace da ranar da ta dace.

Game da karɓar baƙo ba ni da abin da zan koya wa sarakuna, gadonku ne. Amma baƙon yau ya ɗan bambanta da na da, wanda a kan kai gidan Sarkin Zango ko zauren mai gari. Na yau da motarsa ya ke zuwa, galibi ba zai kwana ba, zai koma Zariya kafin magariba, kuma haka ya fi, kada a ƙarfafa masa tafiyar dare. Bukatarsa kaɗan ce, amma in babu ita ba ya dawowa. Yana son inda zai ajiye mota hankalinsa kwance, da ruwa mai kyau, da makewayi mai tsabta, musamman in da mata a tafiyar. Makewayin nan na sani ba maganar da a ke so a yi a gaban manya ba ce, ku gafarce ni, amma ya kori baƙi fiye da yadda rashin hanya ya kora. Yana son abinci kuma, ba kuwa irin na otal ɗin birni ba. Waina da miyar taushe, da dambu, da fura da nono mai kyau, da tsire, a rufe daga ƙuda, a kwano mai tsabta, sun isa. Mai unguwa ya san matar da ta fi kowa iya waina a unguwarsa, sunanta kawai za a riƙe.

Sai ɗan rakiya. A kowane gari akwai samari da suka gama sakandare suna zaune. A zaɓi biyu ko uku masu natsuwa, a zaunar da su gaban dattawa su ji tarihin garin, a yanka musu ladan da baƙo zai biya, sananne, don kada abin ya zama roƙo. Su ne za su fara kawo baƙo fada ya yi gaisuwa, a san da zuwansa da inda ya nufa, wanda a zamanin nan kariya ce gare shi da garin baki ɗaya. Su ne kuma za su gaya masa inda ba a shiga, da cewa ba a ɗaukar hoton matan aure ko na kowa sai an tambaya. Abu guda na ke roƙo a ja musu kunne a kansa, kada su ƙara gishiri. In baƙo ya tambayi shekarun ganuwa, yaro kada ya ce dubu don ya burge shi. Ya ce ga abin da dattawa suka faɗa, ya tsaya nan. A cikin baƙin akwai waɗanda suka karanta, in suka kama ƙarya ɗaya sun zubar da sauran gaskiyar duka.

Wannan ya kawo ni ga malaman hakimai, gama nauyin a kanku zai ƙare. A zamanin En'e kowace gunduma tana da littafinta, inda a ke rubuta asalin garuruwa da jerin sarakunansu da kasuwanni da sana'o'i. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, masu bincike kuma na zuwa can da Gidan Arewa suna karanta labarin ƙasarku, alhali a ofishin gundumar kanta ba kofi ko ɗaya. A 2017 an rage gundumomin Jihar Kaduna daga 390 zuwa 77, ƙasar kowane hakimi ta ƙara faɗi, ba shi yiwuwa ya riƙe kome a ka. Dattawan da suka ga doki na juya injin rake a ƙuruciyarsu, suka ji labarin kufai daga bakin waɗanda aka haifa a cikinsa, kullum raguwa su ke yi. Ko wane malami ya sami littafi mai bango mai ƙarfi, ya ware wa kowane gari shafi huɗu ko biyar. Ya rubuta sunan kowane dutse yadda mutanen wurin ke kiransa, da abin da ke kansa, da gonar wanda ya ke ciki. Ya rubuta ranar kasuwa, da masu sana'ar da suka yarda a kawo musu baƙi, maƙera da masaƙa da magina tukwane da masu mazarƙwaila, da watan da su ke aiki. In ya ɗauki labari daga bakin dattijo, ya sa sunan dattijon da ranar da aka yi hirar, in kuwa dattawa biyu suka saɓa, ya rubuta duka biyun, kada ya zaɓa musu. Mai waya ya ɗauki muryar, amma ya rubuta a takarda kuma, gama waya ta kan faɗa ruwa.

In littafin ya samu, a yi kofi biyu. Ɗaya ya zauna a ofishin hakimi inda ɗan rakiya zai iya dubawa, ɗaya a aika wa ofishin watsa labarai na ƙaramar hukuma ta hannun hakimi, daga cikinsa ne za mu tsamo abin da za a buga a kuma karanta a rediyo. Wanda ya tarar da wani abu a kufai da ya ke tsammani tsoho ne ƙwarai, kada ya haƙa, kada ya ɗauke, ya rubuta inda ya ke, a sanar da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, su ne da sanin yadda a ke tono. A fara da gari ɗaya kafin kaka ta wuce, tun dattawa na zaune a gida ba su fita gona ba.